Koyarwar Ƙarya: Yadda Ake Gane Ta da Yadda Ikilisiya Take Tsare Kanta

Koyarwar ƙarya ita ce duk koyarwar da ake yi da sunan Yesu Almasihu, ana riƙe da Littafi Mai Tsarki a hannu, amma tana sāke ainihin bisharar da manzanni suka danƙa wa Ikilisiya. Takan rage wa Yesu matsayinsa, ko ta ɗora wani sharaɗi a kan ceton da ake samu ta wurin alheri, ko kuwa ta zaunar da wani mutum ko wani abu a wurin da Almasihu kaɗai ya cancanci zama. A Sabon Alkawari, waɗanda ake kira malaman ƙarya mutane ne na cikin gida. Sa'ad da Bulus yake ban kwana da dattawan ikilisiyar Afisa, ya faɗa musu cewa har daga cikinsu waɗansu za su tashi su karkatar da gaskiya don su jawo almajirai zuwa ga kansu (Ayyukan Manzanni 20:29-30). Saboda haka wannan bayani bai shafi maƙwabcinmu mai wani addini ba. Shi bai ce yana wa'azin bishararmu ba. Abin da ke gabanmu shi ne wanda yake shigowa majami'a, ko wayarmu, yana cewa Ubangiji ne ya aiko shi.

Kuskure dabam, koyarwar ƙarya dabam. Afolos mai himma ne wajen wa'azi, amma saninsa bai cika ba. Akila da Bilkisu suka ja shi gefe suka ƙara fayyace masa, ya karɓa, ya zama mai amfani ƙwarai (Ayyukan Manzanni 18:24-28). Wanda ake yi wa gyara da Maganar Allah ya karɓa, ɗan'uwa ne mai koyo. Haka nan bambancin da ke tsakanin ɗarikoki a kan tsarin sujada, kiɗa, sutura, ko tsarin shugabanci, bai isa a kira wani malamin ƙarya ba. Romawa 14 ta bar wa lamiri fili a irin waɗannan. Ikilisiyar da take kiran kowane saɓani da sunan ridda takan gaji da faɗa tun kafin kyarkeci na gaske ya iso.

Yanayin ikilisiyoyin Talata Mafara, Bakura da Maradun

A waɗannan ƙananan hukumomi uku da ke kewaye da madatsar ruwa ta Bakolori, Kiristoci tsiraru ne. Da yawansu aiki ne ko ciniki ko karatu ya kawo su: ma'aikatan gwamnati, jami'an tsaro, 'yan kasuwa, masu hidimar ƙasa, da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau. Sun fito daga ɗarikoki dabam-dabam, kowa da abin da aka koya masa a gida, kuma yau wannan yana nan, gobe an yi masa canjin wurin aiki. A ƙaramar ikilisiya irin wannan, duk wanda ya iya magana yakan sami bagade da wuri, don ma'aikata kaɗan ne.

Sai kuma tsoro. A watan Agustan 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Aikin Gona da ke Bakura suka kwashe ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba na shekarar aka sace ɗalibai fiye da 70 a makarantar sakandare ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun. A cikin watan ne aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako. Mutumin da zai bi hanyar Gusau ko ta Sakkwato yana tunanin ko zai kai, uwar da ɗanta yake makarantar kwana, manomin da bai san ko zai girbe shinkafarsa ba, dukansu suna neman wanda zai ce musu ba abin da zai same su. A nan ne koyarwar ƙarya ta fi samun kasuwa a yankinmu. Ba ta cika zuwa da sabon littafi ko sabuwar aƙida ba. Takan zo da alkawarin kariya, da farashinsa.

Hananiya da Irmiya

Babi na 28 na littafin Irmiya ya kamata kowane dattijon ikilisiya a wannan yanki ya san shi sosai. Babila ta riga ta kwashe sarki da manyan Yahuza da kayan Haikali. Jama'a suna cikin zullumi. Sai wani annabi mai suna Hananiya ya tsaya a Haikali, a gaban firistoci da taron jama'a, ya yi shela da sunan Ubangiji cewa kafin shekara biyu ta cika, za a karya ikon Babila, kaya da kamammu duk su dawo. Har ya ɗauke karkiyar itacen da Irmiya yake ratayawa a wuya ya karya ta, don mutane su gani da ido.

A lura da abin da Hananiya yake da shi. Yana kiran sunan Allah na gaskiya. Yana cikin Haikali. Yana da gaba gaɗi, yana da alama mai ɗaukar ido, kuma abin da ya faɗa shi ne abin da kowa yake addu'a a kai. Irmiya kansa ya amsa da amin, ya ce Allah ya sa haka. Sai dai ya ƙara da cewa annabin da ya yi alkawarin salama, ranar da maganarsa ta cika ne za a san Ubangiji ya aiko shi. Hananiya ya mutu cikin wannan shekarar, bautar kuwa ta ci gaba. Laifin da Allah ya kama shi da shi shi ne ya sa jama'a sun dogara ga ƙarya.

Saƙon gaskiya yana babi na 29, kuma bai da daɗin ji kamar na Hananiya: shekara 70 za a yi, don haka su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure, su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki, su yi masa addu'a. Ayar nan ta 11 da muke so mu rubuta a bangon ɗaki, wadda take magana a kan kyakkyawan nufin Allah, an faɗa wa mutanen da mafi yawansu a Babila za su tsufa. Wanda ya ciro ta daga wurinta ya ce tana nufin matsalarka za ta ƙare kafin ƙarshen wata, aikin Hananiya yake yi da ayar Irmiya.

Maimaitawar Shari'a ta ba da ma'auni biyu. Na farko a 18:21-22: in annabi ya faɗi abu da sunan Ubangiji bai faru ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba, kada a ji tsoronsa. Wannan ma'auni yana bukatar ikilisiya mai riƙe lissafi, gama masu annabcin sabuwar shekara sun dogara ne ga mantuwarmu. T. B. Joshua na Legas, wanda tasharsa ta Emmanuel TV ta shiga gidajen Kiristoci da yawa a Arewa, ya ce mace ce za ta ci zaɓen Amurka na 2016, ya kuma ce cutar korona za ta gushe zuwa 27 ga Maris, 2020. Ba wanda ya tabbata. Harold Camping na Amurka ya sa 21 ga Mayu, 2011 a matsayin ranar shari'a, mutane suka bar aiki suka kashe ajiyarsu wajen tallata ranar, alhali Yesu ya riga ya ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar sai Uba (Markus 13:32). Ma'auni na biyu, a 13:1-5, ya fi zurfi: ko da alamar ta cika, in tana jan zuciyar mutane ga wani abin dogara ban da Ubangiji, kada a bi. Wato cikar annabci ko warkarwa ba ta wanke koyarwa. Yesu ya ce a ranar ƙarshe masu fitar da aljanu da sunansa za su zo, ya ce bai taɓa saninsu ba (Matiyu 7:21-23).

Mai, ruwa, hankici da laya

Mutanen ƙasar Hausa sun san laya, guru, kambu da maganin bindiga tun kafin bishara ta iso. Sa'ad da iyayenmu suka tuba, da yawansu sun ƙone waɗannan, kamar yadda masu sihiri na Afisa suka ƙone littattafansu a bainar jama'a (Ayyukan Manzanni 19:19). Abin baƙin ciki, abin da aka fitar ta ƙofa yana dawowa ta taga da sunan Kirista: kwalbar man da ake shafawa a motar haya don kada a tare ta, ruwan da ake yayyafawa a bakin gona, hoton "bawan Allah" da ake mannawa a ƙofar shago, Zabura 91 da ake naɗewa a sa a ƙarƙashin matashi ba tare da an karanta ta ba. In mutum ya gaskata ikon yana cikin abin ne, har yana jin tsoron fita in ya manta shi, to, laya ce, ko da ayar Littafi Mai Tsarki aka rubuta a jikinta. Iblis ma da Zabura 91 ya jarraba Yesu a kan Haikali.

Masu sayar da waɗannan sukan kafa hujja da Yakubu 5:14 da kuma Ayyukan Manzanni 19:11-12. A duba su da kyau. A Yakubu, marar lafiya ne yake kiran dattawan ikilisiyarsa, mutanen da suka san shi, su yi masa addu'a suna shafa masa mai da sunan Ubangiji, kuma aya ta gaba ta danganta warkarwar ga addu'ar bangaskiya da Ubangiji mai tashe shi. Ba kwalba ta musamman, ba kuɗi. Game da hankicin Bulus kuwa, Luka ya kira su mu'ujizai da ba a saba gani ba, Bulus bai sayar da ko ɗaya ba, kuma bai umarci wata ikilisiya ta riƙa yin haka ba. Nan take bayan wannan labari sai ga na 'ya'ya bakwai na wani babban firist da suka ɗauki sunan Yesu kamar kalmar tsafi, suka fita tsirara da raunuka.

Game da kuɗi Littafi Mai Tsarki bai bar shakka ba. Elisha ya ƙi kyautar Na'aman bayan ya warke, Gehazi ya bi shi a ɓoye ya karɓa, kuturtar ta koma kansa (2 Sarakuna 5). Saminu na Samariya ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sami ikon Ruhu, Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya (Ayyukan Manzanni 8:18-23). A watan Mayun 2013, mutum huɗu suka mutu a turmutsutsu a birnin Akara na ƙasar Gana, wurin rububin ruwan da ake cewa an shafe a reshen majami'ar T. B. Joshua. Talakawa ne da marasa lafiya suke cika irin wannan layi.

Muna gaskata Allah yana warkarwa, yana kuma tsarewa a hanya, kuma muna roƙonsa haka kowace safiya. Amma bai ba kowa takardar tabbacin cewa wahala ba za ta same shi ba. A babi guda, Ayyukan Manzanni 12, an kashe Yakubu da takobi, aka kuɓutar da Bitrus daga kurkuku, kuma ba a ce bangaskiyar Yakubu ce ta gaza ba. Bulus ya bar Tarofimas da rashin lafiya a Militas (2 Timoti 4:20). Shadrak da abokansa sun ce Allah yana da iko ya cece su, amma ko bai cece su ba, ba za su rusuna wa gunki ba. Wannan ya zama dole a koyar da shi a fili, domin iyalin da aka sace musu ɗa, ko aka kashe musu uba, kada wani ya ƙara musu ciwo da cewa don ba su "shuka iri" ba ne, ko wata goggo ce a ƙauye ta kama kurwarsa. Haka nan duk wanda ya ce wa mai ciwon suga, hawan jini, tarin fuka ko ƙanjamau ya bar shan magani don ya nuna bangaskiya, yana wasa da ran mutum.

"Shuka iri" da bisharar wadata

Koyarwar nan tana cewa baiko jari ne: ka ba bawan Allah dubu goma, Allah ya mayar maka da dubu ɗari, talauci kuwa alamar ƙarancin bangaskiya ne. Manomin Bakolori ya san iri. A gonarsa yake zuba shi, ba a aljihun mai wa'azi ba. Iri a misalin mai shuka Maganar Allah ce (Luka 8:11), baikon da Bulus yake magana a kai a 2 Korintiyawa 8 da 9 kuwa gudummawa ce da aka tara wa matalautan Urushalima, aka kuma naɗa mutane fiye da ɗaya su kai ta don kada a sami abin zargi. Bulus ya yi kashedi a kan masu ɗaukar ibada hanyar samun riba (1 Timoti 6:5), Bitrus kuma a kan masu cinikin jama'a da maganganun da suka ƙaga (2 Bitrus 2:3). Masana tauhidi na Afirka da suka taru a Akropong ta ƙasar Gana a 2008 da 2009 a ƙarƙashin ƙungiyar Lausanne sun amince cewa Allah yana kula da talaka kuma yana yin mu'ujiza, amma sun ƙi koyarwar da take mai da albarkarsa abin saye.

Wane ne Yesu

Wannan ce tambayar da ta fi duka, ko da yake ba ita ta fi yawan tasowa a kullum ba. Yahaya ya ce a gwada ruhohi da abin da suke shaidawa game da Yesu Almasihu da ya zo cikin jiki (1 Yahaya 4:1-3). A ƙarni na huɗu wani dattijon ikilisiya a Iskandariya ta Masar, Ariyus, ya koyar cewa Ɗan halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Majalisar Nikiya ta shekarar 325 ta ƙi wannan, Atanasiyus, shi ma ɗan Iskandariya, ya sha kora har sau biyar saboda tsayawa a kan cewa Ɗan Allah ne na gaskiya. Shaidun Jehobah da suke bi gida-gida da mujallu suna koyar da abin da ya yi kusa da na Ariyus. Akwai kuma jarabar da ta fi kusa da mu: don a zauna lafiya, a riƙa kiran Yesu annabi kawai, a yi shiru a kan gicciye da tashinsa. Marigayi Byang Kato, ɗan Kwoi da ya yi babban sakataren ECWA, ya yi kashedi a kan gauraya bishara da wasu aƙidu a littafinsa na 1975, shekarar da ya rasu.

Sai dai riƙe gaskiya bai ba kowa lasisin zagi ba. Mutanen Talata Mafara ba su manta da Agustan 2016 ba, lokacin da mutum takwas suka rasa rayukansu a tarzomar da ta biyo bayan zargin ɓatanci. Mai wa'azin da yake zaune a wani gari mai nisa yana zagin addinin wasu a Facebook ko TikTok ba shi zai kwana a unguwarmu ba. Bitrus ya ce mu ba da dalilin begenmu da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15-16). Matasanmu su daina tura irin waɗannan bidiyoyi.

Shugaban da ba a yi masa tambaya

Wurin da koyarwar ƙarya ta kai ga zubar da jini, kusan kullum akwai mutum ɗaya da ba wanda ya isa ya tambaye shi. A watan Afrilun 2023 aka fara tono gawawwaki a dajin Shakahola na ƙasar Kenya, inda mabiyan Paul Mackenzie suka yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. An tono fiye da 400, da yara da yawa a cikinsu. Kafin a kai nan, ya riga ya raba su da makaranta, da asibiti, da danginsu. A Legas, Chukwuemeka Ezeugo, wanda aka fi sani da Rabaran King, ya cinna wa wasu mabiyansa wuta a 2006, mace ɗaya ta mutu, Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da hukuncin kisa a 2016. Irin waɗannan shugabanni sukan ɓuya a bayan Zabura 105:15, ayar da ta hana taɓa shafaffu. Zaburar tana magana ne a kan yadda Allah ya tsare su Ibrahim, Ishaku da Yakubu daga sarakunan ƙasashen da suka yi baƙunci, ba ta hana a tambayi fasto inda kuɗin ginin majami'a ya shiga ba. Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya (Galatiyawa 2:11), ya kuma ce ko shi kansa ko mala'ika ya kawo wata bishara dabam, kada a karɓa.

Tsaron ikilisiya

A shekarar 2010 yara aƙalla 400 suka mutu a yankunan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma. Zinariyar da ke cikin duwatsun ta gaske ce, gubar kuwa tana tare da ita, ido ba ya ganinta, kuma a tsakar gida ake niƙa su. Haka koyarwar ƙarya take shiga gida, haɗe da ayoyi na gaskiya da waƙoƙi masu daɗi. Mutanen Biriya sun karɓi wa'azin Bulus da marmari, duk da haka kowace rana suna bincika Littattafai su ga ko haka ne, Luka kuwa ya yaba musu (Ayyukan Manzanni 17:11). Muna da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932. In mai wa'azi ya ambaci aya, a buɗe ta, a karanta abin da ke gabanta da bayanta, a tambaya wa aka faɗa wa, kuma a kan me. Zumuntar Mata, ƙungiyar matasa da Makarantar Lahadi su riƙa bin littafi guda daga farko har ƙarshe, su kuma haddace Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, don wanda ya saba da ɗanɗanon tuwon gidansu yakan gane in an sa masa wani abu.

Bagade amana ce a hannun fasto da dattawa. Baƙon mai wa'azi ya zo da shaidar ikilisiyar da ta aiko shi, a kuma kira a tabbatar, ko da ya ce daga babban birni ya fito. Ikilisiyar farko tana da irin wannan tsari: wani ɗan littafin koyarwa na kusan ƙarshen ƙarni na farko, mai suna Didake, ya ce manzon da ya wuce kwana biyu yana cin abincin jama'a, ko ya nemi kuɗi, annabin ƙarya ne. Taron addu'a na cikin gida abu ne mai kyau, musamman inda zuwa majami'a da dare yake da haɗari, amma dattawa su san da shi. Wanda ya ce kada a faɗa wa fasto, ko yake son ganin mace ita kaɗai don "kuɓutarwa", a tsayar da shi tun ranar. Baiko kuwa mutum biyu ko uku su ƙirga, a rubuta, a karanta rahoto a gaban jama'a.

In an ji wata koyarwa mai damuwa daga bakin ɗan ikilisiya, a fara zuwa wurinsa a keɓe, da Littafi a buɗe, don mai yiwuwa Afolos ne. Ƙara a kan dattijo ko fasto ba a karɓarta sai da shaidu biyu ko uku (1 Timoti 5:19), in kuwa ta tabbata a kai ta gaban shugabannin gunduma, kada a kai ta WhatsApp. Wanda ya nace bayan gargaɗi na farko da na biyu, a hana shi koyarwa (Titus 3:10). Waɗanda aka yaudara kuwa, Yahuza ya ce a ji tausayinsu. Da yawansu sun yi asarar kuɗi, waɗansu sun bar magani, kunya kuma tana hana su dawowa, don haka dattawa da shugabannin mata su je su same su a gida. Inda aka yi damfara, duka, ko lalata da mace ko yaro, horon ikilisiya bai maye gurbin doka ba, a kai wanda aka cuta asibiti, a kuma sanar da 'yan sanda.